Yadda Za Ki Nemo Salon Ƙawata Gidanki a Kaduna Ba Tare da Kin Kwafi Falon Kowa Ba

A 'yan shekarun nan na shiga ɗakunan amare da dama, daga Rigasa zuwa Malali, daga Unguwar Dosa zuwa Barnawa, kuma sau da yawa in na fito ba na iya tuna wane falo ne na wace. Kujeru ruwan toka, labule ruwan toka mai ratsin gwal, silin na POP da shuɗɗan fitilu kewaye da shi, bangon talabijin mai sheƙi, furen roba a kan santa tebur. An kashe kuɗi masu nauyi, iyaye sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu. Amma ɗakin bai nuna halin mai shi ba. Dalilin a fili yake: hoto ɗaya duk muke gani a waya, shi muke tura wa kafinta, shi kuma ya buga wa mutum goma irinsa a wata guda.

Abin yana damuna, domin muna zaune a garin da ado ya kewaye ta ko'ina. Ga hanyar da nake bi, wadda kuma nake ɗora ƙannena a kai idan za su tare ko za su sake gida. Da mata nake magana don su ne suka fi ɗaukar wannan ɗawainiya, amma maigidan da yake gini ko gyara zai samu nasa rabon.

Mataki na farko: ki karanci gidan kafin ki saya masa ko allura

Ki ba kanki mako guda. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta yadda ake rayuwa a gidan. A ina maigida yake zama idan ya dawo? A ƙasa kuke cin abinci ko a tebur? Gidaje da yawa an sa teburin cin abinci mai kujera shida ya cinye kusan rabin falo, amma kullum leda ake shimfiɗawa a ƙasa, teburin ya koma wurin ajiye filas da jakunkunan makaranta. Idan haka gidanki yake, kuɗin teburin ya fi dacewa da kafet mai kyau da tumtum huɗu. Baƙi nawa kike yi ranar suna ko ranar salla, kuma maza da mata wuri ɗaya suke zama? A ina ake salla? Alƙibla a Kaduna gabas take, ta ɗan karkata arewa. Ki bar wurin shimfiɗa sallaya a buɗe tun a tsarin farko, kada sai an gama jera kaya a ga dole a riƙa jan tebur sau biyar a rana.

Sai rana da iska. Ki lura da tagar da rana ke shiga da hantsi, da wadda take dukan ta bayan azahar. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, a watan Maris da Afrilu yakan riƙe zafi har bayan isha'i, saboda haka yana son labule mai kauri da fenti mai haske. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas da ƙurarta. Ki shafa yatsa a kan tebur da safe, ki sake shafawa da yamma, za ki san irin sharar da ke jiran ki idan kika cika ɗakin da tarkacen gilashi da baƙin katako mai ƙyalli. A Agusta da Satumba kuma gindin bango ne abin dubawa. Inda fenti ya kumbura ko yake ɓarewa, ko bangon yake fitar da farin gari kamar kanwa, danshi ne. Kada ki manna takardar bango a nan, kada kuma ki jingina wadirob sai an magance shi. Idan da rani kika kama gidan, ki tambayi maƙwabta yadda yake yi da damina.

Daga nan ki ɗauko tef ki auna: tsawo da faɗin kowane ɗaki, tsayin silin, faɗin taga, da faɗin ƙofa. Na sha ganin kujera mai cin mutum uku ta kwana a tsakar gida don ta ƙi shiga ƙofar falo. Ki zana ɗakin a takarda, ki nuna inda soket da makunnin fitila suke, ki ɗauki hoton takardar a waya domin duk inda kika je tana tare da ke.

Mataki na biyu: ki buɗe akwatunan gida

Da tsohuwar zuma ake magani. Kafin zuwan dibaida da shogilas, iyayenmu suna da nasu jeren: tasoshin tagulla, kwanukan sha masu fure, langa da fanteka an ɗora su bisa juna har kusa da rufi, gado mai rumfa, faya-fayai a bango. Idan kika tuna ɗakin kakarki da kyau za ki ga akwai ƙa'ida a ciki. Abu iri ɗaya ake tarawa da yawa a gefe guda, sauran ɗakin a bar shi a sake, daɓe a share tas, a shimfiɗa tabarma. Ido yana da inda zai sauka, yana kuma da inda zai huta. Wannan ƙa'idar ita ce abu mafi tsada da za ki ɗauko daga wurinsu, kuma ba a sayar da ita a shago.

Ki je gida ki zauna da Hajiya, ki ce, “Hajiya, tasoshin nan da ke ƙarƙashin gado, ko za ki ba ni biyu in ajiye a ɗakina?” Yawanci daɗi za ta ji, har ta ba ki labarin wanda ya saya mata su da shekarar da aka kawo. Tasar tagulla da ta yi duhu, lemon tsami da gishiri ke dawo da ita. A goge, a ɗauraye, a tsane ta nan take da ƙyalle. Baƙin akushi a kan tebur ya isa wurin zuba dabino ko ajiye makullai. Kujera 'yar tsugunno tana zama teburin gefen kujera. Tsohon turmin da ya tsage, idan aka kankare aka shafa masa mai, ya zama mazaunin tukunyar shuka. Gwado, luru ko zanen saƙi, a ninke a yafa a bayan kushin, yana canza kamannin kujerar gaba ɗaya. Idan aka dace akwai tsohuwar atamfa a akwatin, irin wadda masaƙun Kakuri suka buga zamanin da suke aiki, tun daga ta farkonsu da aka buɗe a 1957, ki yanki yadi ɗaya a sa miki a firam. Allon zayyanar da maigida ko ɗanki ya yi sauka da shi ya fi duk wani hoton bango da za ki sayo. Sai dai a rataye shi sama, a wuri mai tsafta, nesa da ƙofar banɗaki, saboda girman abin da ke rubuce a jikinsa.

Ga yadda ake bangon faifai. Ki tara bakwai ko tara masu girma daban-daban, launinsu ya yi dangi da juna. Ki fara jera su a ƙasa, mafi girma ya ɗan kauce daga tsakiya, ƙanana su kewaye shi, tsakaninsu kamar faɗin yatsu uku. Sai kin gamsu ki ɗauki hoto, sannan a buga ƙananan ƙusoshi bisa hoton. Lokacin hunturu buroshi mai laushi ya ishe su sau ɗaya a mako.

Akwai wani akwatin kuma, naki na kanki. Ki fito da atamfofi da mayafai biyar da kika fi yawan sawa, ki shimfiɗa su a gado, ki ɗora hulunan maigida biyu da ya fi so. Launin da ya maimaita kansa a cikinsu shi ne launinku. Macen da duk kayanta ruwan ƙasa ne da ruwan goro da kore, idan ta yi falo fari da toka don shi ake yayi, ba za ta yi wata shida ba sai ta ji kamar a gidan wani take baƙunta.

Mataki na uku: ki fita ki kalli gari

Gani ya kori ji. Ki ware Asabar biyu ko uku.

Ki fara da gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975. Ki tsaya a kan kayan Nok, tsofaffin siffofin yumɓu, waɗanda asalinsu daga kudancin jihar nan ne, da tukwane, da sassaƙa, da kayan saƙa. Da yawa daga cikinmu ba ma ajiye mutum-mutumi a ɗaki, kuma ba shi nake cewa ki kwafo ba. Ki kalli launin gasasshen yumɓun nan, ja mai ƙasa-ƙasa wanda ido ba ya gajiya da shi, da yadda aka yi zane da layuka da ɗige-ɗige kaɗai. Ki ɗauki launin ki kai wa mai haɗa fenti. Daga nan ki leƙa Gidan Arewa a titin Rabah, inda Sardauna Sir Ahmadu Bello ya zauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. Tsofaffin hotunan da ke can suna nuna sutura, shimfiɗu da yanayin zaman manya na wancan zamani, kuma za ki yi mamakin ƙarancin kayan da ke ɗakunansu.

Sai tsofaffin gidajen Turawa da na ma'aikatan jirgin ƙasa. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 ake gina irinsu, kuma har yau akwai ragowarsu a unguwannin GRA. An yi su ne lokacin da babu na'urar sanyaya ɗaki: baranda mai faɗi, rufin da ya zarce bango ya yi masa inuwa, silin mai tsayi, tagogi suna fuskantar juna don iska ta ratsa. Darasin da ke nan shi ne kada ki toshe taga da wadirob ko kan gado, kada kuma a sauko miki da silin hawa-hawa a ɗakin da dama bai cika tsayi ba, domin ranar da aka ɗauke wuta ke za ki sha zafin. Kallo daga bakin titi ya wadatar. Kaduna gari ne mai barikoki da gidajen gwamnati, kada ki ɗaga waya kina ɗaukar hoton gidan da ba a ba ki izini ba.

Asabar ta ƙarshe ta Zariya ce, tafiyar kusan kilomita 80. Ki tsaya gaban fadar Sarkin Zazzau ki ƙare wa zanen ƙofar kallo, sannan ki shiga cikin birni inda har yanzu akwai zaurukan ƙasa masu zanko da indararo. Magina na tubali suna yin zanen ne tun yaɓe yana ɗanye, dagi da murɗe-murɗe, a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa kada ya ci bangon. Ki nemi hotunan cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda kuma wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ki duba bakan gizon da ɗaurin gugan, wato bakunan ginin da ke riƙe da rufin, yadda azarar giginya da ƙasa kaɗai suka ɗauki rufi mai wannan faɗi.

Me za ki kawo gida daga can? Abu na farko, maginin Hausa yana tara adonsa ne a bakin ƙofa, ya bar sauran bangon fili. Ke ma ki zaɓi bango ɗaya ki ba shi ado, sauran ukun su yi shiru. Mai aikin POP ɗin da zai zana miki fure irin na ƙasashen waje zai iya fitar miki da dagi a saman ƙofa idan kika ba shi hoto. Na biyu, bakan gizo: idan gini kike yi, mashigar da ke tsakanin falo da wurin cin abinci ta zama mai baka. Na uku, alkuki, ramin nan da ake bari a bango don ajiye fitila. Biyu ko uku a bangon falo, a sa ƙaramin ƙwai a ciki, sun ishe ki wurin tasa da kaskon turare, kuma ba sa cin fili. Na huɗu shi ne wanda na fi so, hikimar zaure. Gidajen yanzu ƙofa na buɗewa kai tsaye cikin falo, mai kawo saƙo yana ganin har ƙofar kicin. Asabari mai kyau da aka saukar daga silin, ko shinge na siraran katako taku biyu daga ƙofa, yana dawo da sirrin gida, iska kuma tana wucewa.

Mataki na huɗu: zagayen kasuwa, amma ki bar kuɗin a gida

Zuwan farko na kallo ne da tambaya. A kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ki taɓa yadin labule da na kujera, ki roƙi ƙyalle kaɗan na waɗanda suka kwanta miki, ko ki sayi kwata. Kasuwar Barci a Tudun Wada akan dace da labulen gwanjo da zannuwan gado na auduga masu nauyi. Ranar Talata da kasuwar Kawo ke ci, kayan ƙauye na shigowa, ki nemi tabarmi, kwanduna da tukwane. Tukunyar Gbagyi kada ki raina ta. Ki juya takardar naira 20 ki ga Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, tana ginin tukunya; wannan sana'ar ce ta kai ta har Ingila da Amurka. Randa babba guda ɗaya a kusurwar falo ta fi tulun roba mai ruwan gwal kwarjini.

Tsohuwar Panteka kuwa makaranta ce. Masu walda, maƙera da kafintoci suna nan, kuma abin da kika zana musu za su ƙera. Ki tsaya ki ga aikin da ke hannunsu, ki duba wanda waldarsa take a goge babu ƙuraje, ki karɓi lambarsa. Idan lokacin bajekolin ƙasa da ƙasa ya zo a filinsa na hanyar Zariya, ki leƙa rumfunan jihohi da na masu sana'ar hannu. A irin wuraren nan ake haɗuwa da rinin baba irin na Ƙofar Mata a Kano, tagullar Bida, da jar fatar Sakkwato.

Mataki na biyar: yanzu ki ɗauko waya

Da gangan na jinkirta wannan. Wadda ta fara da Pinterest ko Instagram ko TikTok, abin da aka fi kallo shi za a yi ta turo mata. Wadda ta riga ta san launinta da girman ɗakinta ita ke zaɓe.

Ki nemi gidajen ƙasashen da yanayinsu ya yi kusa da namu: Maroko, Mali, Senegal, Nijar, Zanzibar, da yankunan Indiya masu zafi da ƙura. Sun san zaman ƙasa, sun san tsakar gida, sun san sirrin iyali. Falon ƙasar sanyi mai farin kafet mai gashi da katangar gilashi an yi shi ne don a jawo rana ciki, mu kuwa korar ta muke yi. Ki kuma sani cewa hotuna da yawa yanzu kwamfuta ce ta zana su, babu kafintan da ya taɓa buga abin da ke ciki. Idan kika ga ƙafar tebur ta narke cikin kafet, ko inuwa ta faɗi ta ɓangare biyu, ki wuce.

Ki tara hotuna kamar talatin a wuri guda, ki bar su kwana uku, ki dawo ki rage su zuwa takwas. A ƙarƙashin kowane ɗaya ki rubuta abu guda da ya ja ki: launin bangon ne, ko gajartar kujerun, ko yadda labulen ya taɓa ƙasa? Sau da yawa za ki tarar hasken ɗakin ne ya burge ki, kayan ciki ba su dame ki ba. Sannan ki yi wa kowane hoto tambayoyin nan: zai jure ƙurar Janairu? Zai jure yara? Akwai mai iya yin sa a Kaduna, da mai gyara shi idan ya lalace? Zai yi kyau da rana tsaka babu wuta? Wanda ya faɗi biyu daga ciki, ki goge shi.

Mataki na shida: ki haɗa su a faranti ɗaya ki gwada

Ki samu kwali mai faɗi. Ki ɗora ƙyallen labule, ƙyallen kujera, guntun tayil ko kafet, guntun katako, faifai ɗaya, da takardar da aka shafa wa fentin. Ki ajiye kwalin a cikin ɗakin da za a yi wa aikin, ki kalle shi da safe, da la'asar, da dare. Abin da ya yi faɗa da 'yan'uwansa a kwali, a ɗaki ma faɗan zai yi.

Masu sana'ar ƙawata gida suna da wani kaso mai sauƙin riƙewa: 60, 30, 10. Kashi 60 launi mai sanyi ne na bango da ƙasa, kashi 30 na kujeru da labule, kashi 10 launi mai ƙarfi a filo da kayan ado. Misali bango ruwan madara, kujeru ruwan ƙasa, filo shuɗin baba. Ko bango uku farare, ɗaya jar ƙasa, kujeru ruwan zuma, ɗigon kore. Ba doka ba ce, amma tana hana ɗaki hayaniya. A nawa ganin ruwan madara da ruwan yashi sun fi fari fat dacewa da garin nan, don suna ɓoye ƙura.

Kada ki sayi bokitin fenti sai kin gwada. A shafa murabba'in mita ɗaya a bango biyu daban, shafi biyu, a bar shi ya bushe, domin fenti yana sake kama idan ya bushe. Lissafinsa: ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne. A cire ƙofa da taga ya rage kamar 42, shafi biyu ya zama 84. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10, ke nan lita 9 zuwa 11 za ta kai ki. Sabon filasta a ba shi kamar mako huɗu ya sha iska kafin fenti. Inda yara ke dafa bango a sa wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙwan fitila ma yana canza launi. Ki duba jikin kwalin ƙwan: 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, ruwan ƙwai-ƙwai, wanda ke fito da kyan katako, tagulla da jar ƙasa. 6500K fari ne ƙal, ya fi dacewa da kicin da wurin karatu. Ƙwai ɗaya tal a tsakiyar silin yana sa ɗaki ya zama kamar ofis. Ki ƙara fitilar tsaye a kusurwa, kuma ki tabbatar aƙalla ɗaya tana kan layin sola ko mai caji ce.

Mataki na bakwai: masu aiki da kayan aiki

A nan kuɗi ke zurarewa. Shekarun baya na sayi wadirob a wani shago, yana ta sheƙi, aka tabbatar mini katako ne mai kyau. Damina ɗaya ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, gindinsa ya kumbura ya fara zubar da gari. Ashe kallon kitse na yi wa rogo, MDF ne, garin katako da aka matse da gam. Ya yi mini ciwo sosai, domin kuɗin adashen shekara ne. MDF yana da amfaninsa a busasshen wuri, amma duk abin da zai taɓa ƙasa, ko zai zauna kusa da wurin wanke-wanke, a yi shi da filawud mai kauri ko katako na gaske irin maɗaci, a kuma ɗaga shi a kan ƙafafu. Ki tambayi kafinta, “Malam, katakon nan ya bushe kuwa? An sa masa maganin gara?” Ɗanyen katako da aka buga da damina, hunturu na zuwa zai tsage ko ya banƙare. An ce araha ba ta ado, kuma a kan katifa, kujerar zaman yau da kullum da wayarin na yarda da haka ɗari bisa ɗari. A kan faifai, tabarma da tukunya kuwa araharsu ba ta rage musu komai ba.

Ki ba mai aiki hoto tare da awo a rubuce, kada ki tsaya a “irin wannan nake so”. Ku rubuta jinga, da ranar kawowa, da irin katakon. Kada ki biya duka a farko, ki kuma leƙa aikin kafin a rufe shi da yadi, ki ga firam ɗin da irin soson da aka sa. Tsarin aiki shi ne: gyaran yoyo da danshi, wayarin da famfo, silin, tayil, fenti, sannan labule da kaya. Wanda ya tsallake layi zai fasa bangon da ya gama fentawa.

Awo kaɗan da za su taimake ki: hanyar wucewa tsakanin kaya ta kai santimita 75 zuwa 90. Tsakanin kujera da santa tebur kamar 45. Faɗin yadin labule ya ninka faɗin taga sau biyu ko biyu da rabi, sandar ta hau sama da taga da kamar santimita 15 zuwa 20, labulen ya sauko dab da ƙasa. Tsakiyar abin da aka rataye a bango ta kasance kamar santimita 150 daga ƙasa. Mu mukan kai hoto can kusa da silin, sai mutum ya ɗaga wuya. Kujeru kuma ba dole ba ne saiti cikakke. A ciki da falo, mai cin mutum uku guda ɗaya da mai cin mutum ɗaya guda biyu, da tumtum na baƙi, sun fi saitin da zai hana ƙofa buɗewa.

Mataki na takwas: 'yar haya, amarya, da saye a hankali

Idan haya kike, ki zuba kuɗinki a abin da zai bi ki ranar tashi: kafet, labule, fitilu, firam, tukwane. Kafin ki canza fenti ko ki huda bango ki nemi yardar mai gidan, ku yi ta a rubuce ko da a saƙon waya ne.

Amarya ita ce ta fi shan wuya a nan, don sau da yawa ba ita ke zaɓe ba, kuma 'yan jere kan cika ɗaki a yini ɗaya saboda idon 'yan ganin ɗaki. Ki yi magana da Umma ko gwaggon da ke riƙe da sayayya tun da wuri, cikin ladabi, ki nuna musu kwalin nan da takardar awo. Ki roƙa a sayi manyan kaya masu inganci, a ajiye miki ragowar kuɗin ƙananan har ki zauna a gidan. Iyaye da yawa za su yarda idan suka ga kin yi lissafi.

Bayan tarewa ki bar bango ɗaya da kusurwa ɗaya babu komai har ki ga damina ɗaya da hunturu ɗaya a gidan. A wannan tsakanin za ki gane inda ake son ƙarin haske da inda yara suka mayar wurin wasa. Maimakon furen roba, ki dasa moda a tukunyar ƙasa, tana jure inuwa da mantuwar ban ruwa. Na'ana'a da ɗoɗɗoya su zauna a tagar kicin inda rana ke samun su. Kaskon turaren wuta ki ba shi mazauni na dindindin a kan faranti ko guntun tayil, nesa da labule da hannun yara, a ɗan buɗe taga idan an sa garwashi. Idan bangon da kika bari ya kai shekara kuma har yanzu ba ki ji yana neman komai ba, ki jingina masa tabarmar baƙi a naɗe, ki matso da randar kusa da ita.